Kwalliyar Da Ba Ta Biyan Kuɗin Sabulu

Duk wanda ya taɓa takawa a ƙasa daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa kasuwar Tarauni da tsakar rana a cikin watan Afrilu, ya san abin da zan yi magana a kansa tun ban faɗa ba. Zai wuce katanga bayan katanga, kowace da ƙyaurenta na ƙarfe, ƙofar gida kuwa an shafe ta da siminti, ko an jera mata duwatsun nan da ake kira intalok. A gindin katanga ga waɗansu dogayen itatuwa sirara a jere kamar dogarai ranar hawan salla, ganyensu duk ya rataya ƙasa ya manne da jiki. Kyau kam akwai shi. Amma in rana ta dame ka, je ka gindin ɗaya daga cikinsu ka tsaya, ka ga ko inuwarsa za ta rufe maka ko da tafin ƙafa. Mutanen dā sun yi wa giginya gori, suka ce inuwarta na nesa ka sha. To, giginya ta yi ƙoƙari, tun da akwai mai sha. Wannan kuwa ba na kusa, ba na nesa.

Ƙarar da na kawo gabanku ke nan, jama'a. A waɗannan unguwanni namu an shiga saran itatuwa masu inuwa da 'ya'ya, ana dasa na ado a madadinsu, har ana ganin wanda ya yi haka shi ne wayayye. Ni kuwa na ce wannan ciniki ne na hasara, kuma talaka mai tafiya a ƙasa shi ke biyan hasarar, ba maigidan da ke shiga mota tun daga cikin gida ba.

Bari mu fara da inda wannan yayi ya samo asali. Daga hoto ya fito. Mutum zai duba wayarsa, ko zanen da mai tsara gini ya kawo masa, ya ga gidan Turawa da korayen itatuwa masu tsinin kai kamar hular dara da aka kifa, ganyensu siri-siri kamar allura. Sai ransa ya biya, ya ce shi ma irin wannan yake so. Ɗaya daga cikin sarakunan irin waɗannan itatuwa shi ne wanda ake kira itacen Daglas, kuma ya kamata ku ji labarinsa, don a cikin labarin akwai abin da zai raba mana gardama.

Asalinsa yammacin Amurka ta Arewa ne, wajen jihohin Oregon da Washinton da yammacin Kanada, ƙasa mai duwatsu da hazo da sanyi. A can yakan kai tsawon ƙafa 300, watau in an ɗora manyan rimaye uku bisa juna da ƙyar su kamo shi, yakan kuma yi shekara 500 ko fiye yana tsaye. Katakonsa na cikin waɗanda aka fi yin gini da su a Amurka. Sunan da yake amsawa na wani mutumin Sukotlan ne, David Douglas, mu ce Dauda Daglas, wanda ƙungiyar masu lambu ta birnin Landan ta aika neman irin tsire-tsire. Ya sauka bakin kogin Kolambiya a 1825, irin da ya tara kuma ya isa Ingila a 1827. Shi kansa bai daɗe ba, Allah Sarki. A 1834, yana ɗan shekara 35, aka tsinci gawarsa a tsibirin Hawai cikin wani ramin da aka haƙa don kama shanun daji. Amma itacen ya yi albarka a Turai, don ya tarad da sanyi da laima irin na gidansu.

To, a Kano fa? Ko kusa. Shi wannan itace sai ya sha sanyin hunturu na ƙasarsu makonni da yawa tukuna idon reshensa ya buɗe ya yi toho, irinsa ma ya fi tsirowa in ya kwana cikin sanyi. A can yawancin ruwa da sanyi yake zuwa. Mu kuwa ruwanmu na wata huɗu ne zuwa biyar, da zafi yake sauka, sa'an nan a yi wata bakwai sama ba ta ɗiga ba, ga iskar hunturu mai busar da leɓe, ga bazarar da awon zafi ke haura digiri 40. Wanda ya kai kifin Bagauda tsakiyar Agadas ya ce ya yi iyo cikin rairayi, bai fi mai dasa Daglas a Tarauni wauta ba.

Da yake shi ba ya zuwa, sai aka nemo masu kama da shi. Babbansu shi ne dogon siririn nan da na faɗa, wanda masu sayar da tsire a bakin titi ke kira maskwared, mutumin Indiya da Sirilanka. Akwai kuma waɗansu ƙanana masu ganye kamar gashin jimina, waɗanda sai an yi ta ba su ruwa safe da yamma, ana aske su da almakashi kamar kan ango, in an yi sakaci mako biyu da bazara su yi ja su bushe. Wani ma, don ya huta, na roba yake saye ya kafa cikin tukunya. Kai, jama'a! Itacen roba a ƙasar da kuka ke shekara ɗaruruwa ba mai ba ta ko moɗa ɗaya ta ruwa!

Yanzu ga abin da masu kwaikwayo ba su lura da shi ba, shi ne kuwa gindin maganata. Itacen Daglas da ake gani a lambunan Turawa, ba daga sama ya faɗo da surar ado ba. Ƙaton itacen daji ne, na katako, wanda ba ya shiga tsakar gida. Masu lambunsu ne suka zauna suka yi masa aiki. Su shuka iri dubu, su riƙa dubawa. In suka ga ɗaya ya fito gajere mai cunkoson reshe, sai su ware shi. In suka ga wani rassansa na zubowa ƙasa, ko ganyensa ya yi shuɗi-shuɗi, su ware. Sa'an nan su yanko reshensa su ɗaura bisa wani, daidai yadda manomanmu ke yi wa mangwaro aure, don halin nan kada ya ɓace. Ta haka aka sami irin da ake kira Fletcheri, wanda ya fito daga wani lambun renon tsire a Ingila, da ƙyar yake wuce tsawon mutum, alhali uwarsa ta fi hasumiya. Ta haka aka sami mai zubo da rassa, da mai shuɗin ganye, da sauransu. Mutanen Oregon kuwa tun 1939 suka ɗauki itacen ya zama tambarin jiharsu, suna alfahari da shi.

Kun ga abin da suka yi? Sun duba itacen da ke son ƙasarsu, suka gyara shi har ya zama abin ado. In da kwaikwayon kirki muke yi, wannan hali za mu ɗauko. Sai muka bar halin muka rungumi hoton. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Kada wani ya ce ai mu ba mu da itatuwan da suka isa ado. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin marga ba a ƙarshen rani, sa'ad da furenta rawaya ke zubowa zara-zara kamar an rataya mata sarƙar zinariya. Bai ga gurjiya ba cikin hunturu, ba ganye ko ɗaya a jikinta, sai jan fure kamar garwashi. Bai ga minjirya ba, bai kuma tsaya gindin ɗorawa ba lokacin da tuntunta ja ke lilo, ƙudan zuma na kai da kawowa. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne labarin kariya. Wannan ɗan itace mai kumburarren gindi da fure ja-ja, wanda ke tsaye a ƙauyukanmu ba mai kula da shi, yau yana cikin tsire-tsiren da ake sayarwa cikin tukwane a Turai da Amurka, da sunan furen hamada. Mutanen Tailan da Taiwan sun yi masa irin aikin da aka yi wa Daglas, sun fitar da launi iri-iri, suna cin kuɗi da shi. Namu ne, ba ya son ruwa da yawa, rana ba ta dame shi ba. Sai dai a kula da yara da awaki, don ruwan jikinsa dafi ne. Wataƙila sai ranar da aka sauke shi daga jirgin sama da takardar Turanci a wuya za mu ga kyansa.

Kada kuma a ɗauka ƙin baƙo nake yi. Kano ba ta ƙin baƙo, da baƙi ta cika ta batse. Darbejiyar nan da ke ko'ina, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro, ai 'yar Indiya ce. Ta bi ta ƙasar Gana, aka kawo ta Barno a 1928, daga can ta bazu. Amma dubi abin da ta zo da shi: inuwa rani da damina, itacen girki, asuwaki, ganyen da ake sa wa hatsi don ƙwari, ga haƙurin ƙishirwa kamar raƙumi. Mangwaro baƙo ne, gwaiba baƙuwa ce, zogale ma haka. Duk sun zauna sun zama 'yan gari, don sun ci sun kuma ciyar. Baƙon da nake ƙara shi ne wanda zai sha ruwan gida kullum, ya tare wuri, a ɗaukar masa ma'aikaci, sa'an nan ko inuwar da kaza za ta fake bai bayar ba. Kuma ɗauko itace daga wata ƙasa ba tare da bincike ba yana da nasa haɗari ko da ya kama. A ƙasar Niyu Zilan an kai itacen Daglas da danginsa don katako, suka ji daɗin wurin, iska ta riƙa watsa irinsu, suka mamaye wuraren kiwo da tsaunuka. Tun 2016 gwamnatin ƙasar ta kafa shiri na musamman tana kashe kuɗi masu yawa wajen sare su.

Ku tsaya ku saurari sunayen unguwannin Kano, za ku ji irin garin da kakanninmu suka bar mana. Kasuwar Rimi. Kurna. Ɗorayi, watau ɗorawa da yawa. Giginyu. Durumin Iya. Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Tsamiyar Boka, nan kusa da mu wajen Hotoro. Mutane ne da suka san itace har suka riƙa kwatance da shi, a gindinsa ake ciniki, a yi karatun allo, a raba gardama, a ɗaura aure. Wa zai ce wa baƙonsa, in ka zo Gyaɗi-Gyaɗi ka tambayi Maskwared ɗin Alhaji? Ko ya tambaya, wanne daga ciki?

Ba kuwa sunaye kaɗai ba ne shaida. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi shekaru yana nazarin gonakin da ke kewaye da Kano. Da yawa sun zaci yawan jama'a da neman itacen girki za su share ƙasar ƙaf. Shi da abokan aikinsa suka tarar manoman karkarar Kano suna riƙe da itatuwan gonakinsu, kowane da mai shi, ana sassabe reshe a bar uwa. Manomin da bai shiga aji ba ya san gawo na zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabba ke neman abinci, ƙasar gindinsa kuwa ta fi ko'ina albarka. Har ana ba da labarin sarakunan Damagaram na dā sun sa doka mai tsanani a kan mai saran gawo. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, manoma tare da wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, suka ɗauki dabarar da suka sa wa suna sassabin zamani: in kututture ya yi toho a gona, maimakon a sare duka, sai a zaɓi reshe mai ƙarfi a bar shi ya girma. Ba a sayo iri daga ko'ina ba. Masu bincike sun ƙiyasta ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. To, mutanen ƙauye sun gane, mu da muke birni muna taƙama da karatu mu ne za mu kasa?

Abin nan fa ba na wasa ba ne, magana ce ta rai. Ku tuna azumin 2024, yadda zafi ya gallabi ƙasashen nan namu. A garin Kayes na ƙasar Mali awo ya kai digiri 48.5 a farkon Afrilu, tsofaffi da marasa lafiya da yawa suka rasu. Siminti da kwalta suna shan rana wuni guda, da dare su amayo ta, shi ya sa ɗakin da ba itace kusa da shi yake zama tanda har asuba. Mai hali zai tada inji ya kunna na'urar sanyi. Mai garuwa da ke tura kura fa? Da mai facin taya a bakin titin Zariya, da yarinya mai talla, da tsohuwar da ta fito daga asibitin Malam Aminu Kano tana jiran abin hawa? Su ba su da na'ura sai inuwar da wani ya dasa. Wanda ke shakka ya shiga gidan namun daji da aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, nan maƙwabtanmu, ya zauna gindin manyan itatuwan wurin, sa'an nan ya fito bakin titi. Jikinsa zai gaya masa bambanci, ba sai malami ya yi masa bayani ba.

Ga kuma ruwa. A unguwar da mata ke ƙirga jarka kafin su ɗora tukunya, wani yana tada injin burtsatse don ya shayar da ciyawar Turawa da itacen da ba ya haihuwa. Da damina kuma, da yake an toshe ƙasa da siminti, ruwan da ya kamata ya nutse ya cika rijiyoyi sai ya kwarara titi, ya cika kwata, ya faɗa gidan na ƙasa.

Na san amsoshin da za a ba ni, na sha jin su. Wani zai ce saiwar babban itace na fasa katanga da masai. Gaskiya ne, ban musa ba. Ceɗiya da durumi suna bin laima duk inda take, wurinsu filin makaranta ne da harabar masallaci da bakin kasuwa. Amma wa ya ce ka dasa durumi a jikin ɗaki? Ɗan ƙaramin gida ma yana ɗaukar lemun tsami, ko gwaiba, ko rumman, ko gwanda, ko zogale biyu a lungu, uwargida ta riƙa tsinkar na kwaɗo ba ta aika kasuwa ba. Ƙofar gida mai ɗan faɗi kuwa tana ɗaukar darbejiya ko mangwaro, in an ja da shi taku biyar ko shida daga gini. Wani zai ce ganye na ɓata wuri, shara ta yi yawa. Subhanallahi! Mutumin da ke biyan mai askin itace duk wata, shi ne tsintsiya ta gagara? Ganyen ma taki ne in an tara shi a rami.

Akwai masu cewa tsamiya da kuka gidan iskoki ne, ba a barinsu kusa da mutane. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci kuka ci nasara, wannan magana ba ta kamace ku ba. Shekara nawa muna shan kunun tsamiya, muna miyar kuka, ban ji wanda aljani ya biyo shi cikin ƙwarya ya ce a biya shi kuɗin haya ba. Sau da yawa ma mai wannan magana so yake a sare ya sayi itacen da araha.

Amsar da ta fi ƙarfi ita ce ta mai cewa, gidana ne, kuɗina ne, in dasa abin da na ga dama. Cikin gidanka kam ba mai hana ka, dasa har na roba. Amma tsohuwar darbejiyar da ke ƙofar gida, wadda ka tarar mutanen layi na zama gindinta tun kafin ka sayi filin, takardar filinka ba ta sayo maka inuwarta kai kaɗai ba. Shekara 30 aka yi ana renonta, mai inji ya kayar da ita kafin la'asar, don kawai a riƙa hango fentin benenka daga titi. Wannan ba haƙƙin maƙwabtaka ba ne, kowa kuwa ya san girman maƙwabci.

Hukuma ma da nata laifi. Kusan kowace damina akan yi bikin dashen itatuwa, manya su zo da manyan riguna, a dasa, a zuba ruwa da sabuwar buta, a ɗauki hoto, a watse. Tun 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin kafa katangar itatuwa a bakin hamada, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Kano na cikin jihohin da ya shafa. Madalla. Amma dashe ba shi ne aiki ba, reno shi ne aiki. Abin da ya kamata a riƙa gaya mana shi ne guda nawa suka ga damina ta uku, ba guda nawa aka dasa ba. Ya kamata ƙaramar hukumar Tarauni da masu unguwanni su sa ido, kada a sare babban itacen bakin hanya sai da izini da dalili, wanda aka ba izini kuma ya dasa madadi ya rene shi. In an ba ɗan kwangila aikin titi, a rubuta masa irin itacen da zai dasa, mai inuwa, maɗaci ko tsamiya ko darbejiya, kada a biya shi cikon kuɗinsa sai sun kama. Makarantun aikin gona da ma'aikatan gandun daji kuma su yi wa marga da gurjiya da kariya aikin zaɓe da aure, su fitar mana da gajeru masu yawan fure waɗanda za su shiga tsakar gida.

Kai kuma mai karatu, ba sai ka jira su ba. Lokacin dashe shi ne sa'ad da ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Haƙa rami kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi, ka gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ka yage ledar kafin ka sa tsiron, ka kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki. Rani biyu na fari su ne masu wuya, ruwan alwala da na wanke-wanke marar sabulu da yawa ya ishe shi. In ka je wurin mai sayar da tsire ya nuna maka maskwared, ka ce marga kake nema, ko tsamiya, ko kariya. Zai ce babu. Ka ce za ka dawo. Shi ɗan kasuwa ne, ranar da mutum goma suka tambaye shi abu ɗaya, mako mai zuwa za ka gan shi a ƙauye da buhu yana tsintar iri.